Ɗakin Goyo ko Gidan Ja? Tambayoyinku kan Zama a Mota Bayan Ritaya

Wasiƙun da suka zo mana daga jihar Kebbi a wannan karo sun haɗu a kan abu ɗaya, wato gidan da ake tafiya da shi a mota. Iri biyu ake tambaya. Akwai ɗakin da ake ɗora wa a-kori-kura a baya a ɗaure, goshinsa ya leƙo saman kan direba. Shi za mu riƙa kira ɗakin goyo. Akwai kuma dogon gida mai tayoyinsa, wanda wuyansa ke hawa bayan motar ya sarƙe a wani faifan ƙarfe, kamar yadda bodin tirela ke hawa kanta. Amurkawa na ce masa taya ta biyar, mu kuwa gidan ja za mu ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi ritaya bana bayan shekara 35 a aikin gwamnati. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu, ina da gonar shinkafa a fadamar Argungu, 'ya'yana kuma sun warwatsu tsakanin Sakkwato da Yawuri da Kaduna. Ɗana da ke Amurka ya turo mini hotunan waɗannan gidaje iri biyu, ya ce zai biya rabin kuɗi. Niyyata in sayar da gidana, ni da maiɗakina mu koma ciki gaba ɗaya, rani a gona, damina wajen yara. Wanne zan zaɓa?
Daga wani dattijo, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a hutun. Za mu fara da abin da muka fi damuwa da shi: don Allah kada ka sayar da gidan. Dalilin zai fito da kansa idan muka bi lissafi.

Ka buɗe ƙofar direba ka duba ƙaramin allon da ke jikin ginshiƙin ƙofar, ko littafin motar. Akwai iyakar nauyin da mota za ta kai da duk abin da ke cikinta, akwai kuma nauyinta ita kaɗai. Abin da ya rage tsakani shi ne kayan da aka yarda ta ɗauka. A Hilux wajen kilo 1,000 ne, wasu ma ba su kai ba. Buhun taki ashirin ke nan, kuma har da kai da Hajiya a cikin lissafin.

To mu cire. Mutum biyu, kilo 150. Ruwa lita 100, kilo 100. Tukunyar gas mai kilo 12.5 idan tana cike, da ƙarfenta, wajen kilo 25. Batir da inbata, 65. Faifan sola biyu, 50. Abinci da tufafi da tukwane da kayan gyaran mota, 120. Jarkar mai biyu, 45. Ƙarafan ɗaure ɗakin, 25. Sun tashi kilo 580. Saura 420, kuma nauyin ɗakin ke nan ba komai a cikinsa. Waɗannan masu kyan gani da ke cikin hotuna, masu bango tsayayye da banɗaki da firji, yawancinsu sun haura kilo 1,000, manyansu su haura 2,000. Ko masu rufin da ake ɗagawa a naɗe, yawancinsu kilo 500 zuwa 900 ne. Manyan an ƙera su ne don manyan a-kori-kurar Amurka irin su Ford F-250 da F-350 da Ram 3500, ba don Hilux ba. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ƙofa huɗun ma matsala ce. Bayan irin wannan Hilux ɗin tsawonsa mita ɗaya da rabi ne kawai, kuma mafi yawansa yana daidai kan tayoyin baya ko ya wuce su. Kowane ɗakin goyo yana da alama a gefensa da ke nuna tsakiyar nauyinsa, kuma dole alamar ta faɗo daidai kan tayar baya ko gabanta kaɗan. Idan ta koma baya, nauyi ya tashi daga tayoyin gaba, sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu. Mafi muni, duk sanda motar ta faɗa rami ɗakin na danna ƙarshen shasi ƙasa, a hankali shasin ya lanƙwashe daidai tsakanin kai da bodi. Alamar farko ita ce tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe daga sama ta matse daga ƙasa. Mai ƙofa biyu, wadda bayanta ya kai mita 2.3, ta fi dacewa da goyo nesa ba kusa ba.

Gidan ja kuwa ka cire Hilux daga zancen. Tsawonsa mita 8 zuwa 13 ne, nauyinsa da kaya daga tan uku da rabi zuwa bakwai da ɗoriya. Hilux mafi ƙarfi tan uku da rabi ce iyakar abin da take ja, tsofaffin ba su kai haka ba. Sannan ba ja kaɗai ba ne. Kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin gidan yana sauka ne a bayan motar ta wurin wuyan nan. Gida mai kilo 6,000 zai danna mata wajen 1,200, ga faifan ƙarfen kansa mai kilo 50 zuwa 100, ga mutane. Ashe ke nan sayen gidan ja sayen abu biyu ne, gidan da kuma babbar motar Amurka da za ta ja shi. Sitiyarinta ba damuwa, a hagu yake kamar namu, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Damuwar tana injin. Masu shan dizal da aka ƙera daga 2007 zuwa yau suna da matatar hayaƙi a salansa, daga wajen 2011 kuma aka ƙara musu wani ruwa na musamman da ake zubawa a tanki daban. An yi su don dizal mai tsabta ƙwarai. Man jarka na bakin hanya yana toshe matatar, kwamfutar motar ta rage wa injin ƙarfi, kana ji kana gani ta ƙi wuce gudun keke. Makanikin da zai karanta wannan kwamfuta ba a kowane gari yake ba, kayan gyaran kuma sai an yi odar su. Ga shan mai: tana jan gida, lita 22 zuwa 28 a kowane kilomita 100. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka, lita 33 zuwa 42 ke nan zuwa kawai, inda Hilux da kayanta za ta sha wajen 20.

Yanzu ka auna shi da hanyar gonarka. Tsayinsa na kai mita 4, faɗinsa mita biyu da rabi. Wayoyin wutar da aka ja daga fal zuwa gidaje a unguwanni, da rassan dogon yaro, da kan ƙofar gida, duk ƙasa da haka suke a wurare da yawa, kuma abin da za su fara cirewa shi ne na'urar sanyaya ɗaki da ke bisa rufin. Tsakanin ƙasan wuyan gidan da gefen bodin mota tazarar santimita 15 kawai ake bari. A kwalta ta isa. Amma idan za a sauka daga kwalta zuwa burji, ko a hau kwalbati mai tudu, motar ta karkata gidan bai karkata ba, sai su haɗu su murƙushe juna. A lakar fadama kuwa, ko da motar na ja da ƙafa huɗu, tayoyin gidan ba sa turawa, nutsewa kawai suke yi da tan shida a kansu, sai an nemo tarakta. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a fadamun Kebbi ya san cewa ruwa ba ya jiran a gama naɗe kaya. Haɗa gidan ja da mota, da janye ɗakunan gefe da ke fitowa, da ɗage ƙafafu, da gwada birki, aikin rabin awa ne ga wanda ya saba. Wannan lissafin lokaci ya shafi tsaro ma. Abu ne fari, dogo, da ake hangowa daga nesa, a ƙasar da ba kowane daji ake kwana ba. Ko wanne ka saya, kwana a cikin gari ko cikin shinge kusa da mutane, ba a bakin hanya ba.

Shigo da shi wani aiki ne. Kwantena cikinta mita 2.35 ne a faɗi, ƙofar mafi tsayinta ba ta kai mita 2.6 ba, don haka gidan ja ba ya shiga. Sai jirgin da ake tura motoci ciki, a sauke a Legas, a biya kwastam, sannan a jawo shi ta Kwantagora da Yawuri da Koko zuwa Jega. Lasin ɗinka na rukunin B na motocin da ba su kai tan uku ba ne, motoci masu gaɓa irin tirela rukunin G ne. Kafin a biya ko sisi, a je ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra da na masu duba lafiyar motoci da hoton abin da nauyinsa.

Sai wuta da zafi, kuma nan ne iri biyun suke haɗuwa a matsala ɗaya. Komai na ciki an yi shi don wutar Amurka, bolt 120 mai bugawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu 230 ce mai bugawa sau 50. Ka jona kai tsaye, cajar batir da na'urar sanyi su ƙone nan take. Taransifoma tana rage ƙarfin wutar amma ba ta canza bugun, don haka kwamfiresa zai riƙa juyawa ƙasa da gudunsa da kashi ɗaya cikin shida, ya yi zafi, ya mutu da wuri. Gyara na gaskiya shi ne a cire kayan Amurka a sake waya, a sa na'urar sanyi ta nan mai ƙarfin doki ɗaya. Bangon waɗannan gidaje kaurinsa santimita biyu da rabi zuwa biyar ne, kumfa tsakanin falle biyu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ɗakin da ya wuni a rana tanda ne. Na'urar sanyi na rage wa iskar da ta shiga cikinta digiri goma ne ko kusa da haka, ba ta yin abin al'ajabi. Maganin da ya fi arha shi ne rumfar kwano a sama da rufin, a bar aƙalla rabin mita tsakani iska ta riƙa ratsawa.

Ga lissafin sola. Na'urar sanyi mai doki ɗaya ta kwana tana aiki awa takwas, za ta ci wajen yunit 5 na wuta. Rufin ɗakin goyo faifai biyu masu wat 400 yake ɗauka, su kuma a wuni mai rana sosai yunit 3 suke tarawa, idan an goge musu ƙurar hunturu. Firji kaɗai zai ɗauki fiye da rabin yunit. To ka ga sanyi har asuba ba zai samu daga rufin ba, sai fanka, ko ƙarin faifai a kafe a gona, ko janareta. Idan janareta ne, a ajiye shi aƙalla mita shida daga ɗakin, salansa na kallon waje. Gubar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta wari, kuma ɗaki ƙarami minti kaɗan ya ishe shi cika. A sa ƙararrawar gano wannan guba kusa da gado.

Shawararmu ita ce a raba buƙatar kashi biyu. Zaman rani a gona zama ne a wuri ɗaya, kuma abin da ba ya motsi ba ya buƙatar taya. Ka gina ciki da falo a kan tudu, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba, da masai da sola a kafe. Gini ba ya faɗuwa a daraja kamar mota. Don tafiye-tafiyen damina kuma, ƙaramin ɗakin goyo da bai wuce kilo 400 ba, na kwana biyu zuwa mako. Gidan Birnin Kebbi a sa haya a wani sashe idan ana son kuɗin shiga. Mai shekara sittin yana buƙatar adireshi kusa da asibiti, da masallacin da aka san shi, da zauren da jikoki za su sauka ranar salla.

TAMBAYA: Ni maigidana ne ya ƙwallafa rai a kan ɗakin da ake ɗorawa a mota. Ina fama da ciwon gwiwa. Yaya girki da salla da banɗaki suke a ciki? Ku faɗa mini gaskiya kafin in amince.
Daga wata uwa, Jega.

AMSA: Hajiya, kin yi tambayar da ta fi ta maza muhimmanci, domin su injin suke kallo, ke kuwa zaman kike kallo. Daɓen ɗakin goyo yana wajen mita ɗaya daga ƙasa, ana hawa ta matakalar ƙarfe mai taki huɗu ko biyar, siririya, mai ɗan rawa. Gadon kuma yana can saman kan direba. Sai an taka benci, a dafa, a ja jiki a hau, kuma idan rufin tsayayye ne ba lallai a iya zama a miƙe a kan katifar ba. Ki ƙirga sau nawa kike tashi da dare, ki ƙara da fitowa alwala sau biyar. Ga mai ciwon gwiwa wannan hawa da sauka shi ne zai fara gundurar ta, tun kafin zafi. Idan har za a yi, a sa gadon a ƙasa, bencin zaman rana ya zama gado da dare, saman kuma a bar wa kaya marasa nauyi. A ƙera matakala mai faɗi da abin dafawa. Gidan ja ya fi sauƙi ta nan, taki uku ko huɗu a waje, biyu ko uku zuwa ɗakin kwana, gado kuma irin na gida da ake zagayawa.

Salla a tsaye tana yiwuwa, domin rufin na kai mita 1.9, amma filin da ke tsakanin benci da wurin girki dardumar mutum ɗaya yake ɗauka, wani lokaci ma da ƙyar. Alƙibla kuma ta danganta da yadda aka faka motar. Rumfar tamfol a gefen mota da tabarma ita ce falon gaskiya, a nan za a yi salla, a nan za a karɓi baƙi. Alwala a yi ta a waje da buta. Daɓen katako ne, ruwan da ke zuba kullum yana bin gefe ya shiga, bayan damina biyu a ji wurin ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa.

Murhun ciki kai biyu ne, na shayi da ɗumame da 'yar miya. Tuƙa tuwon shinkafa ko suyar kifi a ɗakin da bai kai faɗin tabarma uku ba zai cika shi da turiri da ƙauri, katifa ta sha. A fitar da murhu waje. Idan ɗakin daga Amurka ya zo, bakin tukunyar gas ɗinsu ba irin namu ba ne, kada a yi masa ɗaurin roba, a canza kan tukunyar da tiyo da murhun gaba ɗaya zuwa namu. A shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa yana yoyo. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka akwatin tukunyar ya kasance a waje da huda a ƙasansa.

Banɗakin ƙaramin ɗaki masai ne mai tankin cirewa na lita 18 zuwa 20. Mutum biyu masu tsarki da ruwa za su cika shi a kwana biyu, a zaro shi a kai shadda a juye a ɗauraye. A yi maganar wanda zai riƙa wannan aiki tun yanzu. Na gidan ja tankinsa ya haura lita 100, ana zuƙe shi ta wani tiyo mai kauri. A Amurka akwai wuraren juyewa a sansanoni da gidajen mai, a nan sai an haƙa masa rami na kansa. Kada a bar bakin tankin a buɗe kullum, ruwa zai tsiyaye ya bar tudu ya bushe a ciki. A bari ya kai kashi biyu cikin uku sannan a buɗe lokaci ɗaya. Ruwan sha da wanka kuwa, mutum biyu masu wanka da bokiti na cin lita 40 zuwa 60 a rana, wato tankin lita 100 na kwana biyu ne.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. A zana fili mita biyu da mita biyu da rabi a tsakar gida, a sa katifa da murhu da jarka biyu da akwatunan kaya, ku yi mako guda ba ku taɓa komai a wajensa ba. Abin da kika ji a rana ta bakwai shi za ki faɗa wa Alhaji.

TAMBAYA: Ni mai walda ne. Wani ya kawo mini Hilux mai ƙofa biyu in ƙera masa ɗakin kwana a baya. Na saba yin bodin kaya da ƙofofi. Me zan kiyaye?
Daga wani matashi, Yawuri.

AMSA: Malam, hannun da ya saba da ƙofar gida yana son ƙarfe mai kauri, a wannan aikin kuwa kauri ne abokin gaba. Kafin ka yanka komai, ku kai motar sikelin manyan motoci, irin na kamfanonin casar shinkafa, tanki cike da mai. A auna ta gaba ɗaya, sannan tayoyin baya kaɗai. Ka rubuta iyakar nauyin ɗakin a bangon shago, kilo 400 zuwa 450, ka riƙa auna duk abin da za ka sa.

Bututu mai kusurwa huɗu na milimita 25, kauri ɗaya da rabi, sandarsa mai mita shida kilo shida da rabi ce. Sanda goma sha biyar sun isa ƙashin ɗaki, wajen kilo 100 ke nan. Filawud mai milimita 18 fallensa kilo 30 ne, a daɓe kawai za ka sa shi, ko ma mai 12 da ke da kilo 20 idan ka matse sandunan ƙasa. Bango da akwatuna mai milimita 6 ya isa, kilo 10. Waje a rufe da fallen alminiyom, tsakani a cusa kumfa mai santimita biyar, rufi ya fi kowa samun kumfa, a yi masa farin fenti. Inda alminiyom ya taɓa ƙarfe a sa roba ko fenti tsakani, in ba haka ba damina na zuwa wurin ya fara cinyewa. Ban da tayil, ban da katakon madaci, ban da tankin ruwa a kan rufi. Tankin ruwa da batir su zauna a ƙasa, can gaba jikin kan mota. Ruwa lita 100 a sama shi ke kifar da mota a kwana.

Wurin ɗaurewa ne aka fi yin kuskure. Kada ka ɗaure ɗakin a fallen bodi, zai yage. Ƙarafan ɗauri huɗu su fito daga shasi, a ramukan da kamfani ya riga ya huda, da noti. Kada ka yi walda a jikin shasi, kada ka huda leɓensa na sama ko na ƙasa, nan tsagewa ke farawa. Shasi yana murɗawa a hanyar burji, saboda haka ɗaurin gaba ya zama mai sifirin, a shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashin ɗakin, a bar tazarar yatsu huɗu tsakanin goshin ɗakin da rufin mota. Kowace kusa da ta huda rufi a cika ta da gam mai jure rana, kuma ka gaya wa mai motar ya duba su kafin kowace damina. Tagogi biyu masu fuskantar juna da ragar sauro, da ƙofar da ake buɗewa daga ciki ko an kulle ta waje.

Zai ce maka a ƙara falle a sifirin baya. Ƙarin falle yana hana motar durƙusawa, amma birki da boris da shasi suna nan yadda suke, iyakar nauyi ba ta ƙaru da kilo ɗaya ba. Ku duba lambar da ke jikin taya bayan girmanta: 106 na nufin kilo 950, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120. Tayoyin baya biyu su fi ƙarfin abin da sikeli ya nuna da rata mai kyau. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT a jikin taya mako ne da shekarar ƙira, wadda ta wuce shekara biyar zuwa shida a wannan zafi a canza ta ko zanenta bai cinye ba. Idan an gama a sake komawa sikeli da ruwa da kaya da mutane a ciki. Gudu kada ya wuce kilomita 90, domin iskar da tirela ke turowa idan an yi kiciɓis tana kaɗa mota mai tsayi.

TAMBAYA: Yayana yana Tekzas shekara talatin, zai yi ritaya, yana so shi da matarsa su koma zama a irin wannan gida a can. Shi ma ku hana shi?
Daga wata 'yar'uwa, Zuru.

AMSA: A'a, Malama, shi lissafinsa daban. A can akwai abin da aka yi gidan ja dominsa: hanyoyi masu faɗi, da sansanonin da ake biya a wata a jona wuta da ruwa da bututun masai, da masu gyara a kowane babban gari. Ga mutum biyu da za su zauna shekara da shekaru, suna tashi sau ɗaya a wata ko a kaka, gidan ja ya fi. Akwai falo, akwai wurin injin wanki, akwai ma'ajiyar kaya a ƙasa, kuma da an sauke shi motar ta zama ta zuwa kasuwa da masallacin Juma'a. Ɗakin goyo na mai tashi duk bayan kwana biyu ne, mai son shiga dajin gwamnati inda ake yarda a zauna kyauta har kwana 14, kuma a yawancin jihohi kaya ake ɗaukarsa, ba a yi masa lamba daban.

Ki isar masa da abu uku. Ya fara zaɓar gidan sannan ya sayi motar da za ta iya da nauyin wuyansa, ba akasin haka ba, kuma ya yi lissafi da nauyin gida cike da kaya, ba wanda dillali ke faɗa na gida wayam ba. Ya karanta takardar garanti, domin kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar alhakin gidan da aka mayar mazaunin dindindin. Na uku, a Tekzas idan iyakar nauyin da aka rubuta wa motar da gidan a haɗe ta kai fam 26,001, wato wajen kilo 11,800, ta gidan kaɗai kuma ta haura fam 10,000, sai da lasin rukunin A wanda ba na haya ba. Duk sanda ya haɗa gidan da mota, kafin ya ɗage ƙafafun gaba gaba ɗaya, ya leƙa da tocila ya ga muƙamuƙin faifan sun rufe wuyan, ya danne birkin gidan ya ɗan ja motar a hankali. Idan bai kama ba, gara ya zame ƙafafun na nan su tare shi, da ya faɗo a kan bodin mota.